Filin Tambayi Bakanike: Allurar Inji Ta Kai Huɗu, Mai Yana Zurarewa

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan watan yawancinsu a kan shan mai suke, kuma ba abin mamaki ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, mutumin da a da yake cewa a cika masa tanki ba tare da ya kalli famfo ba, yanzu lita-lita yake ƙirgawa. Na zaɓo wasiƙu huɗu da suka danganci juna. Ta farkon za ta ɗan ci mana wuri, domin amsarta ta shafi kusan duk mai hawa babban titi.

TAMBAYA

Salam Oga. Ni malamin sakandare ne, iyalina suna Zariya, ni kuma ina aiki a Kano. Duk ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci nake kama hanya, in dawo ranar Lahadi da yamma, tafiyar kusan kilomita 150 daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Motata Corolla ce ƙirar 2004, otomatik, shigowar Amurka. Idan hanya ta yi kyau ina riƙe maleji a kan 75, amma sai in ga ɗaya allurar ta kusa taɓa 4, inji yana ta kuka, mai kuma kamar ana zubar da shi. Ƙanena yana da irinta sak, na shiga tasa na ga a wannan gudun allurarsa ba ta kai 3 ba. An canja mini fulogi, an wanke injekta, ba abin da ya sauya. Kuma ina kiyaye abin da wani direba ya koya mini, cewa da na hau babban titi in danna ɗan maɓallin da ke jikin giya har wuta ta kama a dashbod, wai shi ne na doguwar tafiya. A ina ya kamata allurar nan ta tsaya? Da gaske ne idan ta sauko mai zai ragu?

Daga wani malami a Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Na ji daɗi da ka faɗi komai dalla-dalla, domin amsarka tana cikin maganar da ka sako daga ƙarshe. Wannan maɓallin shi ne yake sha maka mai. Idan ka shiga mota ka danna shi ka karanta abin da wutar ta rubuta, za ka ga O/D OFF. Giyabos ɗin motarka giya huɗu gare shi. Ta huɗun ita ce O/D, ita ce ainihin giyar doguwar tafiya, kuma motar da kanta take shiga cikinta idan gudu ya kai. Duk lokacin da ka danna maɓallin har wutar ta kama, ka hana ta shiga ke nan. Wato tun daga Tashar Yari har Kwanar Dangora, har ka iso Kura, a giya ta uku kake tafiya.

Kada ka ga laifin direban nan, shi ma haka aka koya masa, kuma ba kai kaɗai abin ya sama ba. Bara wani bawan Allah ya kawo mini irin motarka, har ya riga ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya taya giyabos saboda an ce masa nasa ya mutu. Na ce ya dakata mu ɗan zaga tukuna. Muka fita ta Na'ibawa muka miƙi titin Zariya, shi ke tuƙi ina gefensa. Muna fita daga cunkoso na ga babban yatsansa ya kai kan maɓallin ba tare da ya ko duba ba, hannu ya riga ya saba. Na ƙyale shi har inji ya fara kururuwa, sannan na ce ya sake dannawa. Wutar ta mutu, motar ta ɗan numfasa, allura ta sauko daga wajen 3,300 ta zauna a wajen 2,300, gudu kuwa yana nan a kilomita 100 bai ragu da komai ba. Ƙarar da ta cika motar ta lafa har muna jin tafiyar taya a kan kwalta. Ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "Shekara biyu ke nan ina yi." Giyabos ɗinsa lafiyarsa ƙalau, da shi yake yawo har yanzu.

Maɓallin yana da ranarsa. Idan kana hawan dutse ka ji motar tana shiga ta huɗu tana fita, tana shiga tana fita, danna shi ta zauna a ta uku har ka gama hawa. Haka idan kana saukowa doguwar gangara, danna shi inji ya taya birki riƙe motar. Da hanya ta miƙe sai ka kashe wutar. Masu motocin da ba su da maɓallin su duba hannun giyarsu, domin a wasu akwai lamba 3 ko D3 a kusa da D, kuma aikinsu ɗaya ne. Hannu yana iya zamewa can mutum bai sani ba.

Ita wannan allurar ba gudun mota take aunawa ba, juyin inji take ƙirgawa, shi ne RPM da kake ji ana faɗa. Za ka ga alamar x1000 a jikin agogon. Idan ta nuna 4, injinka yana juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, kusan sau 67 a kowane sakan. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, don haka injin silinda huɗu irin naka yana tayar da wuta sau 8,000 a minti idan allura tana kan 4. Idan ta sauko 2,700, sau 5,400 ke nan.

Amma kada ka yi lissafin cewa tunda allura ta sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku, mai ma haka zai ragu. Nauyin da injin zai ja bai canja ba, saboda haka a giya ta huɗu kowace wuta tana ɗaukar mai fiye da yadda take ɗauka a ta uku. Abin da ka tsira da shi shi ne ƙarfin da injin ke ɓatawa a cikin kansa. Fistin da ringi suna gugar jikin silinda, famfon baƙin mai da na ruwa suna juyawa, kuma injin yana wahalar zuƙo iska ta maƙogwaron totur wanda yake kusan a rufe. Duk waɗannan suna ƙaruwa idan juyi ya ƙaru, kuma da manka ake biyan su. Ka tuna keke mai giya. Idan ka bar shi a giyar hawa alhali kana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙafafunka za su yi ta wulwulawa, ka jiƙe da gumi, tafiyar ba ta ƙaru ba. Halin da injinka yake ciki ke nan duk Juma'a da Lahadi.

Ka tambayi inda ya kamata allura ta tsaya. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace mota. A irin taka, wajen 2,300 a kilomita 100, wajen 2,700 ko sama kaɗan a 120. Ƙananan motocin fetur yawancinsu tsakanin 2,000 da 3,000 suke zama a babban titi. Sababbi masu giya shida zuwa sama, da masu babban inji, da na dizal, sukan zauna ƙasa da haka. Ƙaramar mota manuwal mai ɗan ƙaramin inji kuwa tana iya wuce 3,000 kuma lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Abin da ka yi na gwada taka da ta ƙanenka shi ne daidai, iri da iri ake kwatantawa. Mu da muka koyi aiki a kan Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, mun san wannan bambancin da kunnenmu. Mai giya huɗu idan ta miƙi hanyar Kaduna, fasinjan baya sai ya ɗaga murya kafin na gaba ya ji shi. Da masu giya biyar suka fara zuwa, direbobi da kansu suka riƙa ba da labarin raguwar ƙara da raguwar mai a tasha.

To Malam, wannan rabin amsar ne, kuma rabin da ya rage ya fi damuna. Ka ce motarka shigowar Amurka ce, kana riƙe maleji a 75. Manyan lambobin da ke jikin malejin motocin Amurka mil ne, kilomita su ne ƙananan da aka rubuta daga ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wato 75 ɗinka kilomita 120 ne har da ɗan ɗoriya. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ga motar gida a kan tagwayen hanya kilomita 100 ce, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Kilomita 100 a malejinka bai wuce 62 ba. Na sha ganin masu irin motocin nan suna cewa ai su 80 kawai suke yi, alhali sun kusa 130.

Ko ka gyara maganar maɓalli, a wannan gudun akwai wani mai cin man da ba ya cikin inji, wato iska. Wata rana ka zauna a gefen direba inda babu motoci kusa, ka ɗan fito da tafin hannunka ta taga a gudun kilomita 40. Za ka ji iskar tana shafar ka ne kawai. A 80 sai ka ƙanƙame hannun kafin ya tsaya. A 120 kuwa ture shi take yi kamar wani ƙato ya dafa ka. Wannan tafin hannu ne. To ka auna gaban mota gaba ɗaya, gilas da bamba da madubai. Turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, wuce shi yake yi. Idan ka ninka gudu sau biyu, turin iska sau huɗu yake ninkuwa. Daga kilomita 100 zuwa 120 gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 kawai, amma turin iska ya ƙaru da kashi 44. Daga 80 zuwa 120 kuwa ya ninka har ya zarce. A cikin gari iska ba ta da wani tasiri, tsaye-tsaye da tashi ne ke cin mai. A babban titi ita ce babbar abokiyar kokawar injinka, kuma babu giyar da za ta raba ka da ita.

Mutanen ƙasar da motarka ta fito sun daɗe da sanin haka. Da ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka bakin mai a shekarar 1973, abin da gwamnatin Shugaba Nixon ta yi a farkon 1974 shi ne kafa dokar hana wuce mil 55 a awa a duk faɗin ƙasar, wato kimanin kilomita 89, don a rage shan mai. Sai a 1995 aka soke dokar baki ɗaya. A shekarar 2013 kuma cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke can Amurka ta fitar da sakamakon awo a kan motoci 74. Abin da aka gani shi ne, tsakanin mil 50 da mil 80, duk mil 10 da aka ƙara a gudu yana rage nisan da mota za ta ci da mai iri ɗaya da kimanin kashi 12 zuwa 15 cikin 100.

Mu dawo kan hanyarka. Kilomita 150 a gudun 120 minti 75 ne, a gudun 100 minti 90. Minti 15 ne tsakaninsu a takarda, a zahiri ma bai kai ba, domin a Kwanar Dangora da Ciromawa da duk inda kasuwa ta ci bakin titi, da mai 120 da mai 100 tare suke rage gudu. Mu ƙaddara motarka tana shan lita 7 a kowane kilomita 100 idan kana tafiya a 100, tafiyarka lita goma da rabi ke nan. Idan 120 ya ƙara maka ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, lita biyu sun tafi. Zuwa da dawowa lita huɗu a mako, a shekara sama da lita 200. Ka buga wannan da kuɗin litar da kake saye yau, ka ajiye shi kusa da albashinka na wata ka duba.

Ba na so ka tsaya a kan lissafina, ka auna da kanka. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, kada ka bari a yi ta ɗura ƙari. Ka mayar da ɗan ƙaramin lissafin tafiya da ke jikin maleji zuwa sifiri, ka tuna shi ma da mil yake ƙirge. Ka yi tafiyarka zuwa da dawowa, ka koma gidan man da ka sha, famfon da ka sha, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga ita ce abin da ka ƙona. Makon farko ka gyara maɓalli kawai. Mako na biyu ka sauko da maleji zuwa 60 ko 62, ka riƙe ƙafarka wuri ɗaya ba tare da kana dannawa kana saki ba. Ina roƙonka ka rubuto mini abin da ka samu a makonni biyun, zan so masu karatu su gani.

TAMBAYA

Oga barka da aiki. Camry gare ni ƙirar 2003. Watannin baya ta yi zafi a hanya, bakaniken da ya duba ta ya cire wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwa, ya ce na ƙasashen sanyi ne ba ma bukatarsa a nan, ya kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa da zarar an kunna mota. Zafi ya daina, allurar zafi ma yanzu a ƙasa take zama. Amma idan na yi sammako zuwa Bauchi sai in yi tafiya mai nisa motar ba ta saki giyar ƙarshe ba, allurar inji tana sama da 3, kuma mai ya ƙaru. Man giyabos zan canja?

Daga wata 'yar kasuwa a Jos

AMSA

Hajiya barka kadai. Kafin ki taɓa man giyabos, a mayar miki da abin da aka cire. Sunansa tamostat, kuma cire shi yana cikin al'adun da suka fi ɓata mini rai a sana'armu. Ƙofa ce da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya ɗumama, a irin motarki wajen digiri 82 take fara buɗewa. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafinsa, ba a sanyi ba. Allurar zafi tsakiya ya kamata ta zauna ko ƙasa da tsakiya kaɗan. Zamanta a can ƙasa ba alamar lafiya ba ce.

Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, tana karanta zafin ruwa a kowane lokaci. Muddin ta ga ruwan da sanyi, tana ɗauka yanzu aka tayar da mota, sai ta ƙara yawan man da injekta ke fesawa. Sannan a motocin Toyota na wannan zamanin, tana hana giyabos shiga giyar ƙarshe har sai ruwa ya yi ɗumi. Ke kuma a Jos kike, da asuba, ga fanka tana hura lagireto ba tsayawa, ga iskar hanya, ga gangara kike bi inda inji ba ya wani aiki mai nauyi. Ta ina zai ɗumama? Ta hanya biyu man yake tafiya, ga allura a sama, ga fesawar ta yi yawa. Rarar man da bai ƙone ba kuma yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, a hankali injin yana cinyewa.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba. A otomatik, tsakanin inji da giyabos akwai kwambata, wadda mai ne a cikinta ke miƙa ƙarfi, don haka akwai ɗan santsi. Idan mota ta daidaita a hanya, wani kuloci a ciki yana kama ta ya kulle, allura ta ƙara saukowa da kamar 200 ko 300. Shi ma sanyin inji yana hana shi kamawa. Za ki iya gwadawa. A gudun kilomita 90 a miƙaƙƙiyar hanya, ki ɗan taɓa totur kaɗan. Idan ya kulle, allura da gudu tare za su tashi a hankali. Idan allura ta yi tsalle ta bar gudu a baya, bai kulle ba.

Tamostat yakan lalace ya maƙale a rufe, kuma hakan yana sa mota zafi, wataƙila abin da ya same ki ke nan. Maganinsa a sa sabo mai kyau. A mayar da fanka kan wayarta ta asali, a duba lagireto ko ya toshe, da murfinsa, da famfon ruwa, don a gano abin da ya kawo zafin tun farko.

TAMBAYA

Oga ni direban haya ne, Golf nake ja tsakanin Kano da Katsina. Tunda mai ya yi tsada, da na kai 40 nake jefa ta a giya biyar don allura ta kwanta. Idan na samu gangara kuma sai in sa ta a firi, wani lokacin ma in kashe inji. Yaran tasha suna cewa ina kashe motar. Wa ya fi gaskiya?

Daga wani direba a Kano

AMSA

Ɗan'uwa, na san halin da kuke ciki. Ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai mota, ga na tasha, abin da zai rage maka ka kai gida ba shi da yawa. Niyyarka ta neman sauƙi daidai ce, kuma shiga babbar giya da wuri dabara ce mai kyau. Amma ka wuce da ita inda ya kamata ta tsaya. Golf cike da fasinja, but ɗinta a buɗe an ɗaure kaya da igiya, a giya biyar a gudun 40, allura tana wajen 1,200. Idan ka taka za ka ji motar tana karkarwa, hannun giya yana rawa, wani lokacin ka ji ƙara ƙyal-ƙyal-ƙyal daga inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar wuta ce ke tashi ba a kan ƙa'ida ba tana dukan kan fistin. A wannan juyin famfon baƙin mai bai kai ƙarfinsa ba, kai kuma ka ɗora wa metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, nauyi mafi tsanani. Ga shi dole ka nutsa ƙafarka har ƙasa kafin ta motsa, kuma idan totur ya kai ƙasa ƙwaƙwalwar mota ƙara mai take yi. Ɗan abin da ka tara a wata shida, ranar da inji ya buga zai tafi gaba ɗaya har da bashi.

Da lodi, ka riƙa canja giya a wajen 2,000 zuwa 2,500, kada ka bar allura ta faɗo ƙasa da 1,500 kana takawa. Idan ka taka ka ji ba ta amsa ba, sauko da giya ɗaya. Kunnenka ya san wannan fiye da agogo.

Maganar firi kuwa, ina roƙonka don Allah ka daina. Ko ta fuskar mai ba riba kake ci ba. Yawancin motocin injekta, idan suna cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙwaƙwalwar tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Idan ka sa firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Kashe inji ya fi muni nesa ba kusa ba. Taushin birkin da kake ji daga inji yake samun taimako, idan ya mutu, taku biyu ko uku birkin zai ƙage kamar dutse. Sitiyari mai fawa zai yi nauyi, idan makulli ya koma baya da yawa ma yana iya kullewa. Ka tambayi direbobin da ke bin Hawan Kibo a hanyar Jos abin da ke samun motar da ta dogara da birki kaɗai a doguwar gangara, birkin zafi yake yi ya daina kamawa. Hanyarka ba ta da irin wannan dutsen, amma tana da shanu masu tsallaka titi, da 'yan acaɓa, da yara a bakin ƙauyuka, kuma rayukan da ke bayanka amana ce aka ba ka. Inda man ku 'yan haya yake tafiya shi ne ƙure maleji don a riga wani shiga layi. Ka sauko 90, wanda shi ne ma ƙa'idarku a kan tagwayen hanya, ka auna da cikon tanki kamar yadda na gaya wa Malam a sama.

TAMBAYA

Malam, a doguwar tafiya wanne ya fi cin mai, kunna esi ko sauke gilas? Sannan kariyar da ke saman motata tana da wani tasiri idan babu kaya a kanta?

Daga wani mai karatu a Gusau

AMSA

Esi yana cin mai, babu shakka, domin inji ne ke juya kwamfuresa. A cikin gari, inda gudu bai kai ya kawo ba, sauke gilas ya fi sauƙi. A babban titi kuwa tagogi huɗu a buɗe suna kama iska su riƙe motar, sai bambancin ya ragu sosai. Ni idan na wuce kilomita 80 rufe gilas nake yi in kunna esi, in danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota don kada ya yi ta faman sanyaya zafin waje. Direban da zafi da ƙura ba su galabaitar da shi ba ya fi nutsuwa a kan sitiyari.

Kariya tana da tasiri ko babu komai a kanta, idan ba ka amfani da ita kwance ta ka ajiye. Ranar da dole ka ɗora kaya, ka shimfiɗa su a kwance, ka ɗaure tamfol tamau kada ya riƙa kaɗawa, ka rage gudu. Kafin ka kama hanya kuma ka biya wajen mai faci da safe tun taya ba ta yi zafi ba. Adadin iskar da motarka ke bukata yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, shi za ka ce ya sa maka, kuma ka tsaya ka ga geji da idonka.